Me ya sa silin auduga ke gajarcewa idan an yi fari?

Tambaya: Malam, ina sayar da yadi a kasuwar Balogun da ke Legas, mahaifina kuma manomin auduga ne a Funtua. Ya ce duk shekarar da ruwa ya ɗauke lokacin fure, audugar kan fito da gajeren sili, masu saye su karya mata farashi. Mene ne dalili?

Amsa: Alhaji, Baba ya faɗi gaskiya. Kowane silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ke tsirowa daga fatar angurya ranar da fure ya buɗe. Cikin kwana 20 zuwa 25 sai ta miƙe ta kai wajen santimita 3. Ruwa ne ke tura ta, kamar yadda iska ke miƙar da dogon balan-balan.

Ƙwayar tana tara sikari da sinadarin potasiyam a jakar da ke cikinta, su kuma su jawo ruwa. To amma fatar ƙwayar mai maiƙo ce, ruwa ba ya ratsa ta da sauri. A nan ne wasu furotin da ake kira akwaforin ke aiki: ƙananan kafofi ne a jikin fatar, ƙwayoyin ruwa na bi ta cikinsu a jere, ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna fatar waje, wasu a fatar jakar ciki. Peter Agre na Amurka ne ya tabbatar da aikinsu a 1992, ya kuma samu kyautar Nobel a 2003. A auduga an ga yawansu na ƙaruwa daidai lokacin da sili ke tsawo, da aka rage wasu daga cikinsu a gwaji kuwa, silin ya fito gajere.

Abin da ya fi burge ni, wajen kwana na 10 ƙwayar kan toshe hanyoyin da ke haɗa ta da maƙwabtanta na 'yan kwanaki, don kada matsin ruwan da ke cikinta ya zurare.

Idan ƙasa ta bushe a wannan tsakani, kafofin ba su da abin shigarwa, matsi ya faɗi. Da zarar ƙwayar ta koma kaurara bangonta, tsawo ya ƙare ke nan, ko da an tafka ruwa daga baya. Gajeren sili kuwa yawan tsinkewa yake a injin kaɗi, zarensa ba ƙwari, shi ya sa masaƙa ke taya shi da arha.

Ka gaya wa Baba ya yi shuka da wuri, yadda fure zai faɗo tsakiyar damina, kada kuma ya yi wasa da taki mai potasiyam. Batun iri, ya tuntuɓi cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, masu irin SAMCOT.