Amsa ga Maman Khalil kan haihuwar baƙaƙen mata a Amurka

Wa alaikumus salam Maman Khalil. Kin ce ƙanwarki na Houston da cikin fari wata shida, kin ji ana cewa baƙaƙen mata sun fi mutuwa wajen haihuwa a Amurka, shin gaskiya ne ko surutun intanet ne. Wallahi gaskiya ne. Ni yara biyu na haifa a nan Maryland, a na biyun saura ƙiris in tafi.

Hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a Amurka, da bakinta take faɗa, haɗarin baƙar mace ya ninka na farar fata kusan sau uku, a 2021 cikin kowace haihuwa dubu 100 baƙaƙe kusan 70 suka rasu, farare ko 27 ba su cika ba. Kuma kar ki ce talauci ne kawai. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tennis, duk kuɗinta da sunanta, a 2017 bayan tiyatar haihuwa numfashinta ya fara sarƙewa, ta ce a yi mata hoto don ta san jininta na daskarewa, nas ta ɗauka maganin ciwo ne ya ruɗa ta, da aka yi hoton sai ga gudajin jini a huhu. Ba a saurarenmu da wuri, can matsalar take.

Ni kwana biyar da haihuwa kaina ya fara ciwo kamar zai tsage, ƙafa ta kumbura ko silifas ba ya shiga, ina ganin wani walƙiya-walƙiya a ido, na kira asibiti aka ce rashin barci ne in sha Tylenol, wato farasitamol, in kwanta, ni kuma ga tarbiyyar gida, tun muna yara ake ce mana mace ba ta raki, sai na ja bakina na yi shiru har kwana biyu, Mama a waya tana cewa ai ruwan zafi ne ban samu ba. Allah ya turo maƙwabciyata 'yar Ghana, nas ce, ta auna min hawan jini, ya kai 172/112. Ko mayafi ban gama yafawa ba ta sa ni a mota. Awa 24 na yi ana ƙara min ruwan magnesium, likita ya ce jijjiga ce ke tafe.

Don Allah ki ce wa ƙanwarki ta sayi na'urar awon hawan jini tun yanzu, ba ta da tsada. In ta ga 140/90 ta kira likita, in ya kai 160/110 ba maganar kira, sai imajansi, kuma tana shiga ta faɗa musu tana da ciki ko kwana kaza da haihuwa. Kar ta je ita kaɗai, mijinta ya bi ta ya yi magana in kunya ta hana ta. In ta roƙi gwaji suka ƙi, ta ce su rubuta a fayil ɗinta cewa ta nema an ƙi, sau da yawa nan take suke canza shawara.

Sannan in za ku aika mata kayan jego a cire kanwa, gishirin cikinta na ƙara wa zuciya da jini nauyi. Lambobin awon nan biyu, 140/90 da 160/110, mijin ya rubuta ya manna a jikin firij. Allah ya sauke ta lafiya, ki dinga sanar da mu.