Ƙasar garejin da ta sha baƙin mai

Malam, ka ce filin garejinku na Agege ya sha gas, wato man dizal, da baƙin mai shekara da shekaru, kana tambaya ko gaskiya ne ƙwayoyin bakteriya na ƙasa za su iya cinye man. Gaskiya ne. Irin su Pseudomonas da Rhodococcus suna nan cikin ƙasar tun asali, man abinci ne a wurinsu, suna narkar da shi ya koma ruwa da iskar kabon. Ba sai ka sayi wata hoda mai tsada ba. Iska suke so, da ɗan danshi, da taki. Ka kwashe man da ya daskare a sama, ka kafce wurin kamar kunyar dankali, ka zuba kashin kaji da garin katako, kana juyawa da shebur duk mako.

Amma da sharaɗi. Mun gwada a bayan shagonmu, gefen da gas ya zuba ya daina wari cikin 'yan watanni, har ciyawa ta fito. Gefen baƙin mai kuwa ya ja mu sosai, da ruwan Yuni ya kwanta a kai ma aikin tsayawa ya yi cak, don ƙasar da ta jiƙe sharkaf ba ta shan iska. Ka yi kunya mai tudu, ka rufe da leda lokacin marka. Sannan baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa irin su dalma, su kuwa bakteriya ba ta cin su. Kada ka shuka alayyafon ci a wurin sai an gwada ƙasar a ɗakin bincike.