Amsa ga mai tambaya kan sana'ar waɗanda duniya ba ta san sunansu ba

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce kana haɗa kiɗa a kwamfuta, kana rubuta manhaja, kana kuma gwada rubuta ƙagaggen tarihi irin na "da a ce abu kaza bai faru ba", kuma kana son sanin ko mutum zai iya rufa wa kansa asiri da waɗannan ayyuka alhali bai yi suna ba. Zai iya, kuma mafi yawan waɗanda ke ɗauke da waɗannan fannoni haka suke rayuwa. Abin da na ga yana karya su shi ne rashin rubuta sunansu da haƙƙinsu a jikin aikin tun ranar da aka yi shi.

Na daɗe ina kwafe tsofaffin kaset-kaset zuwa kwamfuta a nan Sakkwato, don haka bari in fara da kiɗa. Kowa a ƙasar nan ya san Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, amma waƙar fada ba baki ɗaya ke yin ta ba. Jagora ya kan ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, wani lokaci su yi ƙari daga bakinsu, sannan su dawo da kowa kan gindin waƙa, masu kotso ko taushi kuma suna riƙe da amo. Sai dai idan ka ɗauki kaset ɗin, abin da za ka gani da biro a jikinsa shi ne sunan jagora da na basaraken da aka yi wa waƙar, shi ke nan. Wani dattijo ya taɓa kawo mini kaset da zarensa ya tsinke, na liƙe shi, muka kunna, sai ya ɗaga hannu ya ce in tsaya, wai wannan siririyar muryar da ke tashi sama da sauran ta mahaifinsa ce, wanda ya ƙare rayuwarsa yana amshi yana noma. Ban da wannan dattijo, babu wata takarda a duniya da ta san da hakan, kuma wannan abu yana damuna har gobe. Ka kuma tuna cewa shi kansa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar, don haka zaman baya makaranta ce, ba ƙasƙanci ba.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. A 1969 wani makaɗin ganga a Amurka mai suna Gregory Coleman ya buga wani ɗan kiɗa da bai wuce daƙiƙa bakwai ba a faifan ƙungiyarsu, daga baya aka yanko wannan guntun aka saka shi a dubban waƙoƙi, shi kuwa ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, bai ga ko sisi ba daga ciki. Kwatanta shi da maƙwabcinmu Mamman Sani na Yamai, wanda ya naɗi kiɗan organ na lantarki a kaset a 1978, aka riƙa sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talbijin na Nijar ba tare da yawancin masu sauraro sun san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin, duniya ta ji shi, kuma hakan ya yiwu ne domin sunansa yana tare da kaset ɗin, aka neme shi aka same shi. Saboda haka duk kiɗan da ka haɗa wa mawaƙi, ku rubuta a takarda wane ne ya yi me, nawa aka biya, kuma sayarwa ce ko haya, ku sa hannu a gaban shaidu ko da abokinka ne na ƙut da ƙut. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana nan, amma ba za ta yi maka aiki ba idan ba ka da hujja a hannu.

Manhaja ita ce za ta fi saurin ciyar da kai cikin ukun, kuma a nan ne rashin suna ya zama ruwan dare. Wayar da ke hannunka tana ɗauke da SQLite, manhajar adana bayanai da Richard Hipp ya fara a 2000. Ya bar ta kyauta ga kowa, amma yana samun abincinsa ta hanyar kwangilar kula da ita da yake ƙullawa da kamfanoni, kuma wannan shi ne tsarin da nake so ka lura da shi. Waɗanda ba su yi haka ba sun sha wuya. Lokacin da aka gano ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed a manhajar OpenSSL a 2014, sai aka farga cewa manhajar, wadda ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. A 2024 kuma aka gano cewa wani ya shafe kusan shekara 2 yana neman yardar Lasse Collin, mutumin da ke kula da manhajar matse fayiloli ta xz shi kaɗai ba albashi, har ya samu damar cusa ƙofar ɓoye a cikinta, sai da wani injiniya, Andres Freund, ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa sannan asiri ya tonu. A garin nan na ga samari da dama sun rubuta wa makarantu masu zaman kansu da shagunan magani manhajar lissafi bisa yarjejeniyar baka, aka biya su sau ɗaya, sannan aka mai da su masu gyara na har abada, ana kiransu dare da rana. Ka raba kuɗin rubutawa da kuɗin kulawa na wata-wata tun kafin ka buɗe kwamfutarka.

Shi kuwa ƙagaggen tarihi, kada ka sa ran kuɗi daga gare shi nan kusa. Tsohon fanni ne, domin tun 1836 wani Bafaranshe, Louis Geoffroy, ya rubuta labarin da Napoleon ya ci Rasha ya mallaki duniya, kuma ba kowa ya san sunansa ba ko a Faransa. Mu kuwa muna zaune kan taskar da ba a taɓa ba: da a ce gumurzun Giginya da Turawa na ranar 15 ga Maris 1903 ya ƙare ta wata fuska, ko Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya wuce Burmi ya isa gabas da jama'arsa, ko boren Satiru na 1906 ya bazu, yaya ƙasar nan za ta kasance? Amma ka sani za a tare ka da hadisin da ya ce "da a ce" tana buɗe aikin Shaiɗan. Fahimtata ita ce ana nufin mai da-na-sani da ke jayayya da ƙaddara, amma ka zauna da malamanka ka ji daga bakinsu kafin ka fitar da komai, ka kuma rubuta ɓaro-ɓaro a shafin farko cewa labarin ƙirƙira ne, domin jikokin mutanen da za ka ambata suna raye a Kanwuri da kewaye, kuma suna da haƙƙin a mutunta kakanninsu. Kafin ka sauya ko rana ɗaya ta tarihi, sai ka san ainihin abin da ya faru ciki da bai. Ka je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in da hali ka kai Arewa House a Kaduna, ka karanta wasiƙun sarakuna da rahotannin Turawa gefe da gefe, domin a inda suka saɓa wa juna za ka samu mafarin labarinka.