Masu tambayar farashi da yawa, masu saye kaɗan

'Yar'uwa, kin ce kina tallar atamfa a WhatsApp, ana ta tambayarki "nawa ne?" amma ciniki ba ya faɗawa.

Ki fara da ƙirga su. Duk wadda ta yi miki magana, ki rubuta ta a littafi tare da inda ta ga tallar. Ƙarshen wata ki raba adadin waɗanda suka biya da adadin waɗanda suka tambaya, ki ninka da 100. Idan 50 suka tambaya, 4 suka saya, kashi 8 cikin 100 ke nan. WhatsApp Business, wato WhatsApp na 'yan kasuwa, shi ma yana da alamomi masu launi da za ki liƙa wa kowace hira, don ki bambanta wadda ta saya da wadda ta tambaya kawai.

Inda na fi ganin ana rasa mai saye shi ne amsar farko, kuma abin yana damuna. Ta tambaya da safe, sai bayan la'asar a turo mata farashi kawai, ko gaisuwa babu. Kafin nan ta riga ta shiga Kantin Kwari. Ki amsa da wuri, ki ɗauki bidiyon turmin a hasken rana, ki faɗi kuɗin kaiwa tun farko. Wadda ta yi shiru, ki sake tuntuɓarta bayan kwana 2, sau ɗaya tak.