Taya 23 a motar golf? Tsaya ka ji ni tukuna

Kai yaro, na ga saƙonka. Ka ce an kawo maka 'yar motar golf mai batir, mai ita yana so a ɗaga ta inci 6 a sa mata taya mai tsayin inci 23, kana tambaya wai in kayan ɗagawar sun zauna daidai shi ke nan aiki ya ƙare? Toh bai ƙare ba, ko rabi ba a yi ba, kuma wallahi tambayar nan taka ta taso min da wani tsohon ɓacin rai.

Ba zan tsaya koya maka kafa jak da cire kan batir da kwance noti ba, wanda bai iya wannan ba me yake yi a gareji tun farko. Ɗagawar kanta ba wani abu ba ce. Abin da ke kashe motar shi ne tayar.

Motocin nan, ko Club Car ko E-Z-GO ko Yamaha, yawancinsu da taya inci 18 suke fitowa daga kamfani a kan rim inci 8, kuma injin da giyar aksul da birki duk a kan wannan girman aka yi lissafinsu. Ka cire 18 ka sa 23, ka ƙara wa tayar girma kusan kashi 28 cikin ɗari ke nan. A shimfiɗaɗɗiyar hanya gudu zai ƙaru, mai mota ya yi ta washe baki, amma ƙarfin jan da ke isa ƙasa ya ragu wajen kashi ɗaya cikin biyar. Da ta fuskanci tudu sai injin ya hau zuƙar wuta, wayoyi su yi zafi, kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa inji, ta yi zafi, batir ya riƙa mutuwa da wuri.

Haka wani mutum ya taɓa kawo min tsohuwar mota mai volt 36, babban mutum ne da gida a kan tudu, ya sayo kayan ɗagawarsa da tayoyinsa 23 masu manyan haƙora ya zube min. Na duba na ce ranka ya daɗe motar nan ba za ta ɗauki tayar nan a yadda take ba, ko dai mu ɗaga ta kaɗan mu tsaya a taya 20, ko kuma ka yarda a canja kwantirola a sa mai ƙarfi, a canja solonoyid, wato makunnin da ke sakin wutar batir, a sa wayoyi masu kauri. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ku kanikawa haka kuke, kullum neman hanyar cin kuɗin mutane, abin da na ce kawai za ka yi. Na sake faɗa masa a gaban yarana, ya ce ya ji ya gani. Na yi masa aiki mai tsafta, aikin da ko kamfanin da ya ƙera motar ya gani ba zai samu abin gyarawa ba, ya ba ni rabin kuɗi ya ce sauran sai ya gwada ta.

Ashe daga wurina wani waje ya wuce aka ƙara mata kujerar baya, motar mutum biyu ta koma ɗaukar iyali gaba ɗaya har da kaya, kullum ana hawan tudun nan da ita. An ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ba a daɗe ba sai ga ta an jawo da igiya. Tun kafin in ɗaga kujera warin ƙonannen kwayil ya buge ni, na duba kan batir ɗaya dalmar ta narke ta zubo gefe, robar wayar ta ƙanƙance ta yi baƙi ƙirin, in ka taɓa sai ta ruguje a hannunka. Mutumin nan ya tsaya a tsakiyar gareji yana ɗaga murya wai ni na ƙona masa mota, wai ban san aiki ba, ni! Na ce ba na gaya maka ba? Ya rantse bai taɓa jin wannan maganar daga bakina ba. Yarana suka ce a gabansu aka yi, ya ce ai dole su bi bayan ogansu. Don kare sunana na nemo inji da kuɗin aljihuna na ɗaura masa, ya ja motarsa ya ce zai aiko da cikon kuɗina, har yau ɗin nan da nake maka rubutu ban ga ko inuwarsa ba, kuma na ji yana yawo da sunana wajen mutane. Ban yafe ba, na bar shi da Allah.

Tun daga ranar ba na taɓa motar kowa sai ya sa hannu a takarda, girman taya kaza, na ba da shawara kaza ya ƙi. Kai ma ka yi haka ko da ɗan uwanka ne.

Sai birki, ka buɗe kunne nan. Yawancin motocin nan tayoyin baya kaɗai ke da birki, na kebul ne kuma, babbar taya tana ƙara masa wahalar tsayar da mota. In ka ɗaga bayan, kebul ɗin yakan miƙe ya ɗaure, ka bi shi da hannu ka tabbata yana da sauran saki kuma ba ya gogar komai. Gaba kuma dole ka yi alaimen, ka ɗauko tef ka auna tsakanin tayoyin ta gaba da ta baya, gaban ya fi matsewa da kamar kashi ɗaya cikin takwas na inci, ka daidaita a tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye gefe ɗaya. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka ga ko tana gogar jiki. Rim ɗin ya zama mai fitowa waje don ƙafafun su buɗe, saboda motar da aka ɗaga tana saurin kifewa a kwana, wannan ma ka gaya wa mai ita ɓaro-ɓaro. Yubol kuma, wato ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin ɗin baya da aksul, bayan an ɗan yi yawo da ita sai an sake ɗaure su, suna saki.

Matsalarku yaran yanzu ke nan, mutum ya kalli bidiyo a waya ya ga an ɗaga mota ta yi kyau an ɗauki hoto, sai ya ɗauka ya zama oga. Ba wanda zai hau tudu da ita ya sauko ya kai hannu kusa da injin ya ji zafinsa, kowa sauri yake a biya shi ya tafi.

Yanzu kafin ka kwance ko noti ɗaya, je ka ɗaga kujera ka ƙirga ramukan zuba ruwa na batir, rami 3 volt 6 ne, rami 4 volt 8, rami 6 volt 12, ka ninka da yawan batiran ka san ko 36 ce ko 48. Ka kwafo lambar jikin motar mu san samfurinta da shekararta, don ko a Club Car kayan samfurin DS ba sa hawa samfurin Precedent. Ka tambayi mai ita mutum nawa za ta riƙa ɗauka kuma akwai tudu a inda yake ko babu. In ka haɗa waɗannan ka kira ni, sannan in gaya maka tayar da za ta shiga.