Kafin ka sayi sabuwar rawuta

Malam, ka ce intanet ɗin shagonka na Kawo yana yawan yankewa, ko ka canza rawuta, wato na'urar da ke rarraba intanet? Dakata tukuna, fara duba kebul. Sau da yawa kebul ɗin intanet samfurin Cat6 mai arha alminiyam ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Kankare bakinsa da wuƙa, in ka ga fari ya fito, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Kada kuma tsawonsa ya wuce mita 100. Ni sai da aradun damina ta ƙone min rawuta biyu kafin na binne ƙarfen janye tsawa. Haɗa wa rawutarka ƙaramin batir saboda ɗauke wuta. In intanet ɗin bai daina yankewa ba, nemi rawutar kamfanin MikroTik.