Na Ga Baƙin Mai A Tiyon Turbo, Shin Turbon Ce Ta Mutu?

Tambaya: Malam, motata Passat ce mai injin 1.8T. Kwanan nan in na taka totur a kan gada sai in ji tana huci, ƙarfinta ya ragu, shan fetur ya ƙaru. Da bakanike ya cire tiyon da ke zuwa intakula (mai sanyaya iskar da turbo ta matsa) sai ya ga baƙin mai a ciki, ya ce turbo ta mutu, in sayo beljiyam. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, dakata tukuna. Abin da ka zayyana ya fi kama da yoyon iska.

Kusan duk mota mai turbo, wato na'urar da ke matsa iska zuwa cikin injin, in ka buɗe tiyon nan za ka tarar da maiƙo. Tururin da ke tasowa daga cikin injin ba a sakinsa waje, ta hanyar shaƙar iska ake mayar da shi, kafin a kai turbo kaɗan, kuma yana ɗauke da ɗan mai. In shafa ce kawai a jikin tiyon, lafiya lau. In kuwa ka karkata intakular mai ya zubo kamar rabin kofin shayi, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, to akwai magana.

Hucin nan fa? Injinka yana da sensa a bayan filtar iska, mai auna iskar da ta shiga, kwamfutar motar ta ba da fetur daidai da ita. In iskar ta zurare ta wata ɓaraka bayan turbo ta matsa ta, fetur zai zo cikakke, iska ta zo ragaggiya. Ga rashin ƙarfi, ga shan mai. Wannan maiƙon ma da ya tsorata ka shi ne jagora: iskar da ke tserewa tana fesa shi waje, ƙura ta manne. Bi tiyoyin da tocila, duk inda ka ga damshi baƙi a bakin kilif ko a gefen intakular, nan ne. Ka murɗa tiyon da hannu, don tsagar takan ɓuya a ƙasa.

In ido bai gani ba, a kashe injin, a toshe bakin shigar turbo da murfi mai bawul ɗin taya, a cire murfin zuba baƙin mai, a hura iska kamar psi 10 a ma'aunin iskar taya. Kada a bar mai faci ya sakar mata injin iskarsa gaba ɗaya, zai fasa abin da bai fashe ba. Sai a fesa ruwan omo a kowace mahaɗa, kumfa za ta tona asiri. A duba ƙaramin bawul ɗin da ke mayar da iska idan ka ɗaga ƙafa daga totur, robarsa tana yawan yagewa a wannan injin. In an sa na'urar gano matsalar mota ta nuna lambar P0299, abin da take cewa kawai matsin iska ya gaza, ba ta faɗi mai laifi ba.

To in man yana da yawa fa? Ko nan ban yarda a fara da turbo ba. Abin da ke tare mai a cikinta ba roba ba ce, ringi ne na ƙarfe, kuma yana aiki ne idan man yana samun hanyar komawa injin. Filtar da ƙurar hunturu ta toshe takan sa turbo ta zuƙo mai. Haka in bututun komawar man ya cushe, kuma 1.8T ya yi suna wajen tara dauɗa idan ana jinkirta juyen mai. Buɗe murfin mai injin na silo: in hayaƙi na bugowa da ƙarfi, hanyar tururin ce ta toshe ko ringin fistin ya gaji. In ka ɗaura wata turbo a haka, ita ma zubarwa za ta yi.

Gwajin turbon kanta minti biyar ne. Injin a sanyaye, ka kama sandar farfelar da ke cikin turbon da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, don a kan mai take yawo. In tana shiga tana fita, ko fukafukan sun karce bango, bakanikenka ya yi gaskiya. A wanke intakular kafin a ɗaura wata turbo, a kuma zuba mai 5W-40 mai lambar VW 502 00.